Labarin A. Edward Newton, Mai Tara Littattafai

Jama'a masu karatu, musamman 'yan'uwana ɗalibai da mu ke koyon aikin malanta tare, ina so in ba ku labarin wani mutumin Amurka wanda a ke kira Alfred Edward Newton. Shi ba sarki ba ne, bai ci wani gari da yaƙi ba, bai kuwa ƙago wani inji ba. Abin da ya sa sunansa ya fita duniya shi ne son littattafai. Ya tara wajen littattafai 10,000 a gidansa, amma shekara guda bayan rasuwarsa yawancinsu sun watse a kasuwar gwanjo. Abu ɗaya ƙarami da ya kafa shi ne ya wanzu har wa yau, watau kyautar da a ke ba ɗalibin da ya fi iya tara littattafai na kansa. Wannan ne ya sa na ga labarinsa ya cancanci shiga shafin nan namu, gama malami da littafi kamar manomi ne da fartanya.

Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Newton a shekarar 1864 a birnin Filadalfiya, cikin jihar Pennsylvania ta ƙasar Amurka. Waɗanda su ke karanta Littafi Mai Tsarki za su tuna da sunan nan, gama akwai wani tsohon birni mai wannan suna cikin Ru'ya ta Yohanna, ma'anarsa kuwa ƙaunar 'yan'uwa. Filadalfiya ta Amurka gari ne na maɗaba'u da kantunan littattafai tun zamanin Benjamin Franklin. To, cikin irin wannan gari yaron ya tashi.

Bai yi zurfi a makaranta ba, bai kuwa taɓa zama ɗalibin jami'a ba. Tun yana saurayi ya shiga neman abin kansa, har ya yi aiki a wani babban kantin littattafai na garin wanda a ke kira Porter and Coates. A nan ya saba da ganin littattafai jere bisa kanta, ya ga irin mutanen da su ke zuwa saye, ya ga kuma yadda su ke juya littafi a hannu kafin su biya. Shi da kansa ya ba da labarin abin da ya fara saye da kuɗin guminsa don jin daɗin kansa. Waƙoƙin Homer ne, tsohon mawaƙin Girka, waɗanda Alexander Pope ya juya da Turanci, littafi biyu, bugu mai araha. Ya sa hannu a ciki, ya rubuta shekarar 1882. Sa'an nan shekarunsa ba su wuce 18 ba. Ku lura da wannan, jama'a, gama ɗakin karatun da ya zama abin magana a ƙasa duka, da littafi biyu na talakawa ya soma.

A shekarar 1884 ya ƙetare teku ya je Landan, zuwansa na fari ke nan. Daga wannan tafiya ya kamu da son marubutan Ingila na da, musamman mutum biyu, Charles Lamb da Dokta Samuel Johnson. Shi Johnson ɗin ɗan mai sayar da littattafai ne a garin Lichfield, an haife shi a 1709, ya rasu a 1784. Shi ne ya yi babban ƙamus na Turanci wanda ya fito a 1755, abokinsa James Boswell kuwa ya rubuta tarihin rayuwarsa, aka buga a 1791. Newton ya riƙi Johnson tamkar malaminsa, ko da shi ke shekara 80 ce tsakanin rasuwar wancan da haihuwar wannan. Muddin ransa bai daina komawa Landan ba, yana bin tituna da lunguna inda mutanen nan suka zauna, yana leƙa kantunan tsofaffin littattafai.

Sana'arsa da Gidansa

Son littafi ba ya biyan kuɗin littafi, sai da sana'a. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare Newton ya shiga wani kamfani na Filadalfiya mai suna Cutter, inda a ke ƙera kayan lantarki. Babban abin da su ke yi shi ne wata na'ura wadda ta kan yanke wuta da kanta in ƙarfin wutar ya wuce kima, don kada wayoyi su yi zafi gobara ta tashi. Lokacin kuwa masana'antu da birane na Amurka suna ta jawo lantarki, saboda haka kasuwa ta buɗe. Shi Newton ba injiniya ba ne, gwanintarsa wajen sha'anin kuɗi da ciniki ta ke. Ya yi ta hawa har ya zama shugaban kamfanin, ya sami dukiya mai yawa.

A 1890 ya auri Babette Edelheim, wadda ubanta ma mai tara littattafai ne da kayan zane. Suka haifi 'ya'ya biyu, namiji da mace, Swift da Caroline. Suka zauna a wani wuri da a ke kira Daylesford, bayan garin Filadalfiya, cikin wani gida da ya sa wa suna Oak Knoll, watau tudun itacen oak, wani babban itace ne na ƙasashen sanyi. Da littattafai suka yi yawa, gidan ma ya yi ta ƙaruwa. Mutum ne mai fara'a da ba'a, mai son baƙi, an kuwa san shi da sa kwat mai manyan zane gida-gida, wanda ko daga nesa a kan gane shi. Malamai da marubuta da 'yan kasuwar littattafai su kan zo Oak Knoll a ci abinci, a yi hira, a ciro littafi daga kanta a miƙa wa baƙo ya riƙe da hannunsa. Kowace shekara kuma lokacin Kirsimati ya kan sa a buga wani ɗan ƙaramin littafi, ya aika wa abokansa maimakon katin gaisuwa.

Irin Littattafan da Ya Tara

Wataƙila wani zai ce, ai duk mai kuɗi yana iya cika ɗaki da littattafai. Haka ne, amma tarawa irin ta su Newton tana da ƙa'ida. Bari in bayyana iri uku da su ke nema.

Na fari shi ne bugu na farko. In littafi ya yi farin jini a kan yi ta sake buga shi, amma wanda ya fara fitowa daga maɗaba'a, wanda mai littafin ya gani da idonsa, shi ne ya fi kusa da shi. Sau da yawa kaɗan a kan buga, gama ba wanda ya san littafin zai karɓu, saboda haka bayan shekara 100 samunsa ya kan yi wuya.

Na biyu shi ne littafin da ya bi ta hannun wani sananne, ko wanda mai littafin ya ba abokinsa kyauta ya rubuta sunansa a ciki, ko wanda wani masani ya karanta ya yi rubutu a gefen shafi. Wannan iri shi ne Newton ya fi ƙauna, shi ne kuwa ya koya wa mutanen Amurka da yawa darajarsa. A ganinsa irin wannan littafi labari biyu gare shi, na cikinsa da na hannuwan da ya ratsa. Mu ma mun san haka, gama wanda ya gaji littafin addu'a na kakansa, da sunan tsohon a bangon, ba zai musanya shi da sabo fil na kanti ba.

Na uku shi ne rubutun hannu, watau takardun da marubuci ya rubuta da alƙalaminsa kafin a kai maɗaba'a, da gyare-gyarensa da wuraren da ya soke. Newton ya mallaki rubutun hannu na littafin Thomas Hardy mai suna Far from the Madding Crowd, da na wata sananniyar maƙala ta Charles Lamb mai suna Dream Children. Yana kuma da ayyukan William Blake, mawaƙin nan mai zane, da abubuwa masu yawa na Johnson da Boswell.

Abin da ya fi tsada cikin ɗakinsa shi ne babban littafin wasannin kwaikwayo na Shakespeare, bugun 1623. Abokan aikin Shakespeare ne suka tattara wasanni 36 suka buga, shekara 7 bayan rasuwarsa, da ba domin su ba kuwa da wajen rabin wasannin sun ɓace. Abin da ya rage na wannan bugu a duniya bai kai 250 ba. Newton ya sayi nasa a 1927 a kan dala 62,500. Ku riƙe wannan adadi, za mu komo kansa.

Cikin abokansa na wannan sha'ani akwai Dokta A. S. W. Rosenbach, shahararren mai cinikin tsofaffin littattafai na Filadalfiya, akwai kuma wani saurayi ɗan masu arziki, Harry Elkins Widener. Shi Widener ya gama jami'ar Harvard a 1907, ya tara littattafai masu daraja tun yana yaro. A 1912 ya je Landan saye, ya shiga jirgin ruwan nan Titanic zai komo gida, jirgin ya nutse cikin watan Afrilu, shi da ubansa suka halaka. Shekarunsa 27. Uwarsa, wadda ta tsira, ta gina babban laburare a Harvard don tunawa da shi, aka buɗe a 1915, aka ajiye littattafansa a ciki. Rasuwar yaron nan ta taɓa Newton ƙwarai, har ya rubuta maƙala a kansa.

Ya Zama Marubuci

Sai da ya ba shekara 50 baya sa'an nan ya fito sosai da alƙalami. Ya fara aika maƙaloli ga wata babbar mujalla ta birnin Boston mai suna Atlantic Monthly, mutane suka so su. A 1918 aka tattara su aka buga littafi, sunansa The Amenities of Book-Collecting and Kindred Affections, abin nufi shi ne daɗin da ke cikin tara littattafai da makamantansa. Wa zai zaci littafi a kan irin wannan magana zai sami kasuwa, ga shi kuwa a shekarar da Yaƙin Duniya na Farko ya ƙare? Amma aka sayar da fiye da 25,000.

Dalilin karɓuwarsa ba boyayye ba ne. Kafin Newton, masu rubutu a kan tsofaffin littattafai yawancinsu don masana su ke yi, da kalmomi masu nauyi da lissafin shafuffuka. Shi kuwa ya yi rubutu kamar mai hira a zaure. Ya kan faɗi inda ya ga littafi, da yadda aka yi ciniki, da nawa ya biya, da wanda ya kuɓuce masa yana ji yana gani. Mai karatu ya kan ji kamar shi ma zai iya. Bayan wannan ya yi waɗansu littattafai, cikinsu akwai A Magnificent Farce a 1921, da wasan kwaikwayo a kan Dokta Johnson a 1923, da The Greatest Book in the World a 1925, wanda babbar maƙalarsa a kan Littafi Mai Tsarki ta ke da tarihin buga shi, da This Book-Collecting Game a 1928.

Girma ya biyo baya. Ya kafa ƙungiyar masu son littattafan Anthony Trollope, wani marubucin Ingila wanda ya yi aikin gidan waya shekara da shekaru, ya kuma rubuta littattafan hikaya 47. A 1930 ƙungiyar tunawa da Johnson ta garin Lichfield ta naɗa shi shugabanta, shi ne Ba'amurke na fari da ya riƙe wannan matsayi. Jami'o'i kuma suka ba shi digiri na girmamawa, shi da bai taɓa zama a ajinsu ba.

Amma ba zan ɓoye muku ɗaya gefen ba. Sha'awar da littattafansa suka tayar ta taimaka wajen hauhawar kuɗin tsofaffin littattafai, har waɗansu suka shiga saye ba don karatu ba, sai don su sayar gaba su ci riba. A watan Janairu 1929 aka yi gwanjon littattafan wani mai tsara kiɗa, Jerome Kern, a New York, aka tashi da fiye da dala miliyan 1 da dubu 700. A watan Oktoba na shekarar nan kasuwar hannun jari ta Amurka ta faɗi, masu kuɗi suka tsiyace, kuɗin littattafai ya zube. Daɗin daɗawa, a 1934 waɗansu samari biyu masu cinikin littattafai a Ingila, John Carter da Graham Pollard, suka binciki takarda da irin baƙaƙen da aka buga waɗansu ƙananan littattafai da su, suka nuna na jabu ne, ba bugu na farko ba ne kamar yadda a ke cewa. Sawun abin ya koma kan Thomas J. Wise, wanda a ke ganin babu kamarsa cikin masu tara littattafai a Ingila, wanda Newton kansa ya girmama. Masu saye da yawa a Ingila da Amurka sun zuba kuɗi a kan waɗannan. Ashe kuɗi kaɗai ba ya tsare mutum daga ruɗi, sai ya san abin da ya ke saye.

Kyautar Swarthmore

Yanzu mun zo kan abin da ya fi shafarmu. Kamar mil 11 daga Filadalfiya akwai wata kwaleji da a ke kira Swarthmore. Jama'ar Kirista da a ke kira Kwaka, ko kuwa Abokai, su suka kafa ta a 1864, shekarar da aka haifi Newton, tun farko kuwa maza da mata su ke karatu tare. Ko da ya ke kwaleji a ke ce da ita, digiri ta ke bayarwa kamar jami'a.

Wani malamin Turanci na wurin, Robert Spiller, ya kai ɗalibansa Oak Knoll su ga littattafai. Newton ya ji daɗin irin tambayoyin da yaran suka yi masa. Da ma akwai wata 'yar kyauta a kwalejin wadda wani mutum mai suna W. W. Thayer ya fara bayarwa ga ɗalibin da ya fi tara littattafai masu kyau. Newton ya ɗauki nauyinta daga 1930, ya kuma ajiye kuɗi domin abin da su ke haifarwa ya riƙa biyan kyautar kowace shekara, ko bayan ransa. Kyautar ba ta da yawa, dala 50 ce a zamanin nan. Ku gwada ta da dala 62,500 da ya biya a kan littafi ɗaya.

Sharuɗɗan kyautar su ne abin dubawa. Ba a ce wanda ya fi yawan littattafai shi zai ci ba, ba a kuwa ce wanda nasa suka fi tsada ba. Littattafan suna iya zama a kan kowane fanni da ɗalibi ya ga dama. Abin da alƙalai su ke dubawa shi ne hikimar da aka yi wajen zaɓe, da kuma ko mai littattafan ya san abin da ke cikinsu. Watau ɗan attajiri da ya aika a sayo masa akwati goma bai karanta ba, ba zai iya da ɗan talaka mai littafi 30 wanda ya san dalilin da ya sayi kowane ɗaya ba. Ɗalibi ya kan kawo jerin sunayen littattafansa, ya bayyana abin da ya haɗa su wuri ɗaya da yadda ya same su.

Ni a ganina a nan ne hankalin mutumin nan ya fi fitowa. Ya san abin da ya ilmantar da shi, gama ba aji ba ne, littattafan da ya saya da kansa ne ɗaya bayan ɗaya. Ya san kuma littafin aro da na kanka ba ɗaya ba ne. Na aro kana karanta shi da gaggawa, ranar mayarwa tana bisa kanka, ba ka da ikon ja masa layi. Naka kuwa yana nan, ka karanta shi kana ɗan shekara 20, ka sake buɗe shi kana ɗan 40, ka ga abin da ka rubuta a gefe, ka auna tafiyar da hankalinka ya yi. Wanda kuma ya ke zaɓen littafi da ɗan kuɗin da ke aljihunsa, tilas ya yi tunani, wanne zan ɗauka, wanne zan bari? Wannan tunani kansa karatu ne.

Rasuwarsa da Watsewar Littattafan

Newton ya bar aikin kamfani a farkon shekarun 1930, ya ci gaba da rubutu da tafiye-tafiye har ƙarfinsa ya ƙare. Ya rasu ran 29 ga Satumba 1940, yana da shekara 76. A lokacin nan jiragen Jamus suna ta zuba bom a kan Landan, garin da ya fi ƙauna.

Da ya so, da ya ba wata jami'a littattafansa a gina musu ɗaki da sunansa, kamar yadda aka yi wa na Widener. Amma ra'ayinsa dabam ne. Ya fi son a sayar da su, domin waɗansu masu nema su ma su sami daɗin da shi ya samu sa'ad da ya ke farautarsu. Haka kuwa aka yi. A 1941 aka kai su gidan gwanjo na Parke-Bernet a New York, aka sayar kashi uku, cikin Afrilu da Mayu da Oktoba. Jerin sunayensu kaɗai ya cika manyan littattafai uku. Lokacin bai yi kyau ba, gama duniya tana cikin yaƙi, mutane kuma ba su gama farfaɗowa daga tsiyar 1929 ba. Duk abin da aka samu bai kai dala 400,000 ba. Littafin Shakespeare ɗin nan na dala 62,500, a kan dala 22,000 ya tafi. Aikin shekara kusan 60 ya watse cikin 'yan kwanaki, kowane littafi ya kama gabansa.

Amma 'yar kyautar nan ta Swarthmore ba ta mutu ba. Har yanzu ana yin gasar da sunansa, ita ce kuwa a ke lissaftawa mafi daɗewa cikin irinta a kwalejojin Amurka. Waɗansu makarantu suka ɗauki misali. A jami'ar Yale wani tsohon ɗalibi, Adrian Van Sinderen, ya kafa tasa a 1957. Princeton da Harvard su ma suna da nasu. A 2005 aka fara gasa ta ƙasar Amurka duka, inda waɗanda suka ci a makarantunsu su ke karawa da juna. Abin ya ƙetare teku kuma, gama jami'ar Cambridge ta Ingila ta kafa irin wannan kyauta a 2006. Ɗalibai sun ci kyautar nan da littattafai iri iri, waɗanda yawancinsu ba su da tsada ko kaɗan. 'Yarsa Caroline ma ta gaji halin, ta tara littattafai da wasiƙu na Thomas Mann, marubucin Jamus, suna ajiye a Princeton.

Abin da Na Gani Ciki

To, 'yan'uwa, ina ruwanmu da attajirin Filadalfiya? Ba mu da dala 62,500, ba kuwa za mu sayi Shakespeare na 1623 ba. Amma ku tuna inda za mu in mun gama kwas. Da yawa cikinmu za a tura mu makarantun ƙauye, inda ba laburare, ba kantin littattafai sai an yi tafiyar yini. A can, abin da ke cikin akwatin malami shi ne laburaren makaranta, wani lokaci ma na garin duka. In akwatin nan ba kome ciki sai littafin darasi da tsofaffin takardun jarrabawa, to, iyakar abin da yara za su samu ke nan, malamin kuma zai yi ta maimaita abin da ya koya a kwaleji har ya tsufa. Rijiyar da ba ta da ido, in an yi ta ɗiba, ƙafewa ta ke yi.

Saboda haka shawarata uku ce. Ta fari, kowa ya zaɓi fanni ɗaya da zuciyarsa ta ke so, kada ya saya barkatai. Wani tarihin ƙasarsa, wani tsuntsaye da itatuwa, wani lissafi, wani waƙoƙin sujada, wani littattafan da aka buga da harshen garinsu, kome ƙanƙantarsu. Mai son Hausa yana iya farawa da littattafan da suka fito daga gasar rubutu da aka yi a Zariya a 1933, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, ya bi sawu har zuwa na yau. Ƙananan littattafai na harsunanmu su suka fi saurin ɓacewa, gama kaɗan a ke bugawa, ba kuwa mai ajiyewa. Wanda ya adana su ya yi wa jikokinsa aiki.

Ta biyu, kowane littafi ka saya, ka karanta shi, ka rubuta sunanka da shekara da wurin da ka same shi, yadda Newton ya yi a 1882. Ka sami ɗan littafin rubutu ka jera sunayensu, ka kuma rubuta sunan duk wanda ya ara. Ka tsare su daga gara da kyankyaso da laimar damina, akwatin ƙarfe bisa duwatsu ko benci ya fi kwali a ƙasa. In mutum ya sayi littafi ɗaya kowane wata daga albashinsa, cikin shekara 5 yana da 60. Da kaɗan kaɗan ne matankaɗi kan shiga gora.

Ta uku kuwa roƙo ne ga shugabanninmu da tsofaffin ɗaliban kwalejin nan. Muna da kyautar gudu da ta ƙwallo da ta wanda ya fi iya koyarwa a aji, duka kuwa suna da kyau. Me zai hana a ƙara ta wanda ya fi iya tara littattafai? Ba ta bukatar kuɗi mai yawa. Malamai uku su zauna, ɗalibi ya kawo akwatinsa, a ɗauki littafi a tambaye shi me ke ciki, don me ya saye shi, wanne kuma ya ke nema bai samu ba tukuna. Kyautar ma ta zama littafi. Labarin Newton ya nuna mana dala 50 da aka sa a inda ya kamata ta fi ɗaki cike da dukiya daɗewa.

Iyakar abin da na ke da shi ke nan. Ina fata Edita zai ba da fili ga duk wanda ya ke da ra'ayi a kan wannan shawara, ko na goyon baya ko na saɓani, mu ji daga gare shi a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu son karatu, ya sa mu amfani yaran da za a danƙa a hannunmu. Amin.